Tsayin Kujerar Mama

Tun ranar da tsohuwar motarmu ta kunyata Mama, ba ta ƙara taka ƙofar gida ba.

Mama mahaifiyar maigidana ce. A wurinmu take zaune tun da ƙugunta na hagu ya fara ciwo, kuma ni nake kula da ita. Ni ke ɗumama mata ruwa, ni ke shafa mata magani, ni ke miƙo mata sanda idan ta faɗi bayan gado. Shiru-shiru take kirana, don tun da na shigo gidan ban iya doguwar magana ba. Idan baƙi suka zo, gaisuwa kawai nake yi in sulale kicin.

Asibiti muka kai ta a ranar. Motar gajeriya ce, kujerarta kamar a ƙasa take. Shiga ba wuya, sai dai mutum ya faɗa ciki. Da muka tsaya a bakin asibitin, Mama ta yi ta yunƙurin fitowa, ƙugun ya ƙi. Motoci suka taru a bayanmu suna ta danna hon. Sai maigidana ya zagayo da sauri, ya sa hannu ya ɗauke ta cak kamar jaririya. Ɗankwalinta ya zame, takalminta ɗaya ya faɗi a tsakiyar hanya, mutane suna ta yi mata sannu. Shi a ganinsa taimako ya yi.

Da muka zauna jiran likita, ta kama hannuna ta matse.

“Yaron nan a bayana na goya shi,” in ji ta a hankali. “Yau shi ya ɗauke ni a gaban jama'a. Kada ki faɗa masa, zai ji ciwo.”

Na ce to. Daga nan duk inda aka ce ta zo a je, sai ta ce jikin ne ba daɗi. Har Auta, ƙanwar maigidana, ta haihu a can ƙarshen gari. Aiki aka yi mata, ba ta iya tafiya mai nisa, kullum sai dai ta kira ta ɗaga jaririn a waya.

“Mama, wai sai ya yi haƙori za ki zo?”

“Zan zo mana. Juyo min shi, ban ga kunnen ba.”

Idan an kashe wayar sai Mama ta daɗe tana shafa gilashin da yatsa. Maigidana kuwa ya ɗauka ta gaji da duniya ne, abin yana cin sa a rai, ni kuma bakina a ɗaure.

Ana cikin haka motar ta mutu, mutuwar da bakanike ya ce a haƙura. Maigidana a kamfanin buga takardu yake aiki, kuma ya daɗe yana tanadi saboda irin wannan rana. Ya ce ƙaramar jif zai saya, wadda za ta ɗauke mu da 'yan biyunmu da kayan kasuwa ba tare da an ɗora wa kowa kaya a cinya ba. Kullum bayan cin abinci sai ya nuna min hotuna a waya.

“Maman 'yan biyu, dubi wannan. Sabuwa dal! Tun da nake a duniya ban taɓa yage leda a kujerar mota ba. Kullum sai wadda wani ya gama zufa a ciki.”

Yadda idonsa ke ƙyalli, ban ga ta inda zan fara ba.

A falonmu akwai kujera ɗaya ta katako a jikin taga. Ita kaɗai ce Mama ke zama a kai ta kuma tashi ba tare da ta kira kowa ba. Da safen da za mu je ganin mota, ina shara, sai na tsaya a jikin kujerar. Bakinta ya taɓa ni a saman gwiwa kaɗan. Na danna wurin da yatsa don in riƙe shi a kaina. Yadda Mama ke tashi kuwa na haddace shi kamar sunana. Takan juya jikinta gaba ɗaya, ta kama ƙarfen taga da hannun dama, ta dasa ƙafar dama, sannan ta jawo ta hagu a miƙe, don ba ta lanƙwasuwa sosai.

Wurin sayar da motocin duk gilashi ne, ƙasansa na sheƙi har na ji kunyar takalmina. Mai sayarwar mutum ne mai fara'a, ya tarbe mu kamar ya san mu. Ya kai mu wurin wata fara, kujerunta duk a cikin leda. Maigidana ya shiga gaba ya kama sitiyari, ya lumshe ido ya shaƙi ƙamshin. Suka shiga maganar shan mai da kyamarar baya da abubuwan da ban gane ba.

Ni kuwa na buɗe ƙofar baya na jingina ƙafata da kujerar. Ta wuce inda na danna, ta kai tsakiyar cinya. Na hau na zauna. Sai na miƙar da ƙafar hagu na hana ta lanƙwasa, na gwada fita irin ta Mama. Ƙofar ba ta buɗewa sosai, ƙafar ta maƙale a jikinta. Rufin ya gangaro ta baya, kaina ya bugu. Na laluba mariƙi, yana can nesa da hannuna. Da ƙyar na zamo ƙasa.

“Subhanallahi, madam, lafiya?” in ji mai sayarwar. “Ko a kawo ruwa?”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na girgiza kai kawai.

“Ƙyale ta, ba ta saba da sabon abu ba ne, ni ma tsoho ta same ni,” in ji maigidana yana dariya. “To, ya kika gan ta?”

“Tana da kyau,” na ce. Kuma ba ƙarya na yi ba.

Mai sayarwar ya nuna mana hanyar ofis. Maigidana ya miƙe ya bi shi. Na san idan suka shiga ofishin nan an gama, Mama za ta ci gaba da shafa gilashin waya. Ta tagar bayan ginin na hango wani fili da motoci a jere cikin rana. Sai na kira maigidana.

“Baban 'yan biyu.”

Ya juyo.

“Waɗancan fa?”

“Na hannu ne, madam,” in ji mai sayarwar. “Waɗanda mutane suka kawo suka canja. Amma akwai masu lafiya a ciki.”

Maigidana ya kalle ni da mamaki. Rabon da in nemi wani abu a gaban baƙo, ina jin bai taɓa gani ba.

“Yau Shiru-shiru ta yi magana, ai dole a je,” in ji shi.

Muka fita filin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina jingina ƙafa. Wata ta yi tsawo, wata kujerarta ta lotsa kamar tsohuwar katifa. Sai na zo kan wata mai ruwan toka, rufinta a miƙe kamar akwati. Akwai ƙarzuwa a gefenta, akwai tabon lemo a kujera, wani yaro ma ya manna hoton kifi a gilashi an kasa ɓamɓare shi duka. Na ja ƙofar baya, ta buɗe wangale. Na jingina ƙafata, bakin kujerar ya sauka daidai inda na danna da safe.

Na juya baya na zauna, ba hawa, ba faɗawa. Na ɗaga hannun dama, mariƙin na nan yana jirana. Na manta da mutanen da ke wurin. Na juya jikina gaba ɗaya, na dasa ƙafar dama, na jawo ta hagu a miƙe, ta fito ba ta taɓa komai ba. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Wash, Allah na gode maka,” ba, da irin jan muryar Mama.

Da na ɗaga kai, maigidana na tsaye yana kallona. Dariyar ta bar fuskarsa.

“Sake yi,” in ji shi.

Na sake.

“Ƙafar hagu ce ƙarshe,” ya faɗa kamar da kansa yake magana. “Haka take tashi daga kujerar taga.” Ya matso kusa da ni. “Tun ranar asibiti ne ko? Tun da na ɗauke ta?”

“Ni ban ce komai ba.”

“Na sani. Yaushe kika taɓa cewa?”

Mai sayarwar ya gane ba maganar mota ake yi ba, ya ce bari ya ɗauko makulli, ya ba mu wuri. Maigidana ya taka zuwa jikin gilashin ginin, ya tsaya yana kallon farar motar da ledarta. Ya daɗe a wurin. Na tausaya masa har na so in ce ya bari, mu sayi sabuwar, za mu nemi ɗan akwatin da Mama za ta riƙa takawa. Amma na san Mama, ba za ta taka akwati a gaban jama'a ba.

Da ya dawo, wayarsa na kunne, bakanikensa yake kira.

Bakaniken ya zo da hannunsa baƙi ƙirin. Ya buɗe gaban motar mai ruwan toka, ya shiga ƙarƙashi, ya zagaya da ita unguwar ya dawo. Ya ce injin lafiya lau, sai dai a canja birki da tayoyin gaba.

“Amma oga, ba kai ne ka ishe ni da maganar leda ba?”

“Rufa min baki ka duba min ƙofar bayan nan,” in ji maigidana. “Ka sa mata mai, kada ta riƙa yin nauyi.”

Ranar da aka kawo motar gida, Mama na kujerar taga. Ta leƙa, ta ƙare mata kallo.

“Wannan ce sabuwar da aka hana mu barci a kanta? Ai ta girme 'yan biyu!”

“Mama, ki fito ki—”

Na ja hannun rigarsa. Ya haɗiye sauran maganar. Ya koma ya matso da motar dab da ƙofar falo, ya buɗe ƙofar baya ya bar ta a wangale.

“Bari ta sha iska,” ya faɗa da ƙarfi. “Warin masu ita na da bai fita ba.”

Ya tura yara gidan maƙwabta, muka shige kicin ni da shi. Na kunna famfo ina wanke kwanon da na riga na wanke. Ta tagar kicin ana ganin tsakar gida.

An ɗan jima sai muka ji ƙarar sanda. Mama ta fito tana waige-waige. Ta tsaya a jikin motar, ta danna kujerar da tafin hannu. Ta jingine sandar. Ta juya baya a hankali, ta zauna. Ta ɗaga hannu ta sami mariƙin, ta shigar da ƙafafunta. Ta zauna a ciki tana kallon gaba kamar ana tafiya da ita. Sannan ta juyo, ƙafar dama, ƙafar hagu, sai ga ta a tsaye. Ta dubi hagu da dama, ba kowa. Sai ta sake shiga.

Maigidana na bayana, ya toshe bakinsa da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Ban juya ba, don kada ya ji kunyata.

Da Mama ta dawo falo, muka ji ta ɗaga murya.

“Shiru-shiru! Ina mayafina mai ruwan ƙasa? Tunda kun sayo tsohuwa 'yar'uwata, gobe sai ta kai ni in ga kunnen yaron nan.”

Washegari na riga kowa fita. Na ɗauki ledar da mai wanki ya sako kayanmu a ciki, na lulluɓe kujerar direba da ita, na ɗaure ta baya. Da maigidana ya buɗe ƙofa ya gani, ya yi dariya har ya dafa rufin motar. Ya yage ta a hankali, yana lumshe ido, 'yan biyu na ta tafi ba su san dalili ba.

A ƙofar gidan Auta akwai mutane zaune a benci. Muna tsayawa maigidana ya fita da sauri ya zagayo wurin Mama. Ya buɗe ƙofar, hannayensa suka miƙa da kansu. Sai ya tsaya. Ya mayar da su baya ya harɗe, ya shiga gaisawa da mutanen bencin.

Mama ta kama mariƙin, ta fito da ƙafarta. Na miƙa mata sanda. Ta gyara mayafinta, ta sunkuyo kusa da kunnena.

“Ke ce ko?”

“Ban ce komai ba, Mama.”

“Uhm,” in ji ta. Ta matse hannuna kamar yadda ta yi a asibiti, amma wannan karon ba ta sake shi ba. Daga ciki muka ji kukan jariri, da muryar Auta tana tambaya wa ya zo.