Koriyar Jif ta Ammu Idrisa

Balarabe ya fara ganin motar ne wata Laraba a shekarar 1998, yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa a bayan dutsen Uhudu. An ajiye ta a ƙofar wata gonar dabino, da kwali a gilashinta mai nuna ta sayarwa ce. Tsohuwar jif ce koriya, gajera, mai dogayen tayoyi, rana ta cinye fentin samanta. Ya wuce ta, ya yi nisa, sai ya juyo da motarsa ya dawo ya tsaya yana kallonta.

Irinta sak mahaifinsa, marigayi Malam Lurwanu, yake da ita lokacin suna yara. Da ita yake kai kaya ƙauyukan da ke kewaye da Madina, ranar hutu kuma ya kwashe iyalinsa ya fita da su bayan gari. Da idonsa ya fara rauni ya sayar da ita. Balarabe bai manta ranar da baƙo ya zo ya tafi da ita ba, da yadda gidan ya yi tsit har washegari.

Da ya isa gida a unguwar Al-Sih ya gaya wa matarsa Safiyatu, wadda ke kiransa Abu Walid.

“Abu Walid, ba muna da sayyara ba?” in ji ta. “Motarmu lafiyarta ƙalau, ga sanyi a ciki. Wannan tsohuwar kuma a ina za ka ajiye ta? A kan rufi?”

“Gwadawa kawai zan yi.”

“Haka ka ce ranar da ka shigo mana da tantabaru.”

Mahaifiyarsa, Hajiya Fatna, tana zaune a gefe tana tsince shinkafa. Tun rasuwar Malam ba ta fita sai zuwa Harami ko asibiti. Ba ta ɗago kai ba ta tambaya, “Koriya ka ce?”

“Koriya, Umma.”

“In za ka je, ka tafi da ni.”

Safiyatu ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta. Tunda Hajiya za ta, dole ita ma ta bi. Ranar Alhamis da hantsi suka kai yara gidan ƙanwarta, ta dafa shayi ta zuba a fulas, suka kama hanyar Uhudu.

Mai motar dattijo ne dogo, Ammu Idrisa ake ce masa. Iyayensa daga Cadi suka zo, Hausarsa tana da ɗan karin can. Ya gaisa da Balarabe, ya kau da kai ya gai da matan daga nesa, sannan ya shafa murfin injin.

“Ba don ta gaza zan rabu da ita ba, ya waladi. Gwiwata ce ta ƙi. Kulocinta sai mai ƙarfin ƙafa.” Ya miƙa masa makulli. “Kada ka gwada ta a kwalta ka ce ka san ta. Ka kai ta dajin Baida, ka sa ta a yashi. In kun dawo ma yi magana.”

Balarabe ya taimaka wa mahaifiyarsa ta hau gaba, Safiyatu ta shiga baya ta zauna a dogon bencin da ke kallon gefe, tana rungume da fulas. Da ya murɗa makulli injin ya yi tari sau biyu ya kama, duk jikin motar ya ɗauki rawa. Warin fetur da tsohuwar roba ya cika masa hanci. Ya ɗan jima bai saka giya ba.

“Yalla mana,” in ji Safiyatu daga baya. “Zafi.”

A kan kwalta motar ba ta da daɗi ko kaɗan. Sitiyarin yana da nauyi, giya sai an lallaɓa ta, ƙarar injin ta hana hira. Ƙananan motoci suna ta wuce su suna danna oda. Duk ramin da suka faɗa sai Safiyatu ta yi salati. Hajiya Fatna kuwa ta riƙe ƙarfen da ke gabanta da hannu ɗaya, tana kallon hanya.

Da suka bar gidaje a baya, duwatsu suka buɗe, ta nuna da yatsa. “Sauka nan. Bi ta tsakanin waɗancan itatuwan.”

Ya sauka daga titi. Nan take motar ta zama wata daban. Rawar jikin ta lafa, tayoyin suka kama ƙasa, ta riƙa hawa tudu tana gangarawa ba tare da ya matsa mata ba. Balarabe ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai. Ya tuna yadda shi da yayyensa suke tsalle a baya kawunansu suna bugun rufi, Malam yana ce musu su riƙe tukunyar abinci da kyau.

Suka tsaya a wani fili mai laushin yashi, ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya. Babu kowa, sai raƙuma can nesa. Matan suka ɗage niƙabi. Safiyatu ta shimfiɗa darduma ta zuba shayi, ta miƙe ƙafafu, ta ce iskar wurin dai babu laifi.

Hajiya Fatna ba ta zauna ba. Ta zagaya motar a hankali, ta tsaya a ƙofar direba.

“Balarabe, makullin yana jiki?”

“Yana jiki, Umma. Wani abu za ki ɗauko?”

Ta cire takalmanta ta ajiye su gefe guda a kan yashi, ta tattare abayarta, ta kama ƙofa ta hau. Kafin ya miƙe tsaye injin ya tashi.

“Umma!”

“Hajiya, don Allah!” Safiyatu ta zabura har shayi ya zube.

Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Suka ji tsohuwar tana tsaki. Ta sake tayarwa, wannan karon ta saki kulocin a hankali, jif ɗin ta fara tafiya. Balarabe ya bi ta da gudu yana riƙe da gefen rigarsa, sai ya ga babu abin gudu. Tafiya take sannu sannu, kanta da ƙyar ya wuce sitiyari, ta yi babbar da’ira ta kewaye bishiyar, ta sake kewayewa, har ta saka giya ta biyu. Da ta zo wucewa ta gabansu ya ga fuskarta. Rabon da ya ga haƙoranta a waje haka tun Malam yana da rai.

Ta tsayar da motar daf da dardumar ta kashe. Ya taimaka mata ta sauko.

“Umma, yaushe? A ina kika koya?”

“A nan.” Ta zauna tana mayar da numfashi. “In kun ci kun ƙoshi kun yi barci a inuwa, sai babanku ya ce in taso. Cewa ya yi, Fatna, in wata rana ciwo ya kama ni a dajin nan, wa zai mayar da yaran gida? Na ce ni ina ni ina mota. Ya ce sai na koya. Ranar farko na kusa kai mu cikin rami, ya yi ta dariya har da hawaye.”

“Kuma ba ki taɓa faɗa mana ba?”

“In faɗa muku, ku je ku baza a unguwa?” Ta karɓi kofin da Safiyatu ta miƙo mata. “Allah bai sa ranar ta zo ba. Kullum shi ya mayar da mu.”

Safiyatu ta share idonta da bakin mayafi, ta juya tana kallon motar.

“Abu Walid,” in ji ta can, “filin nan na bayan gidan maƙwabcinmu, ai babu mai ajiye komai a wurin.”

Sun koma gonar bayan azahar. Ammu Idrisa yana zaune a kan kujerar roba a inuwa. Ya dubi yashin da ke jikin tayoyin ya gyaɗa kai. Cinikin bai ɗau lokaci ba. Dattijon ya faɗi nasa, Balarabe ya nemi ragi kaɗan don kada a ce bai nema ba, suka tafa hannu.

“Mabruk,” in ji Ammu Idrisa. “Allah ya sa albarka. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka bar ta tsaye. In ta daɗe ba ta ga daji ba sai ta yi ta ciwo.”

Ba ta tsaya ba. Shekaru da yawa bayan haka, duk Alhamis ɗin da zafi ya yi sauƙi, sai su ɗora tukunya da darduma su fita, yaran a baya suna ihu da Larabci kakarsu tana ba su amsa da Hausa. Hajiya Fatna ta ƙara tuƙawa a hunturu biyu ko uku, har ƙafarta ta daina iya taka kulocin. Daga nan ta koma kujerar gefe, ta sa Safiyatu a gaban sitiyari, ta hana Balarabe sa baki. Malama ce mai faɗa. Shi dai yana zaune a inuwa da yara yana hura gawayi, yana jiyo muryarta daga nesa tana cewa, “A hankali, ’yar nan! Saki ƙafar a hankali, ba kora ki ake yi ba.”