Kwalbar da Ta Ƙi Ɗashewa

Tun daga bakin ƙofar ɗakin gwaji ɗalibar ta hango kwalbar. Kore shar take a ƙarƙashin fitila, har ta fi yadda ta bar ta kafin hutu. Ita kuwa so take ta tarar da ita a ɗashe.

Abin da ke cikin kwalbar dangin gansakuka ne, sai dai a madubin gwaji mai ƙara girma zare-zare yake, ƙwaya na bin ƙwaya kamar carbi. In aka hana shi taki, sai wasu ƙwayoyin su yi kaurin bango, su kamo naitirojin daga iska, su mai da shi amino asid, wato abincin zaren, su miƙa wa maƙwabtansu. Duk aikin digirinta a kan ƙofar da ake wannan miƙon ta cikinta yake. Ta toshe wadda take zargi, ta zuba zaren a ruwan da ba taki. In ita ce ƙofar, abinci zai maƙale, yunwa ta kashe zaren. In kuwa ya rayu, to ta ɓata shekarunta tana gadin ƙofar da ba a bi. Farfesa ya riga ya faɗa mata, in wannan karon ma bai nuna komai ba, ta nemi wani batun ta fara daga tushe.

Ta ɗigo ɗigo ɗaya a gilashi. Gilashin farko ya fashe, ta ɗauki wani. Ta kafa ido a madubin tana bin zaren, tana neman masu kaurin bangon. Babu ko ɗaya. Ta matsa gaba, nan ma babu. Zaren da ke jin yunwa ba ya rasa su.

Kawu mai kula da ɗakin ya turo ƙofa da kwandon kwalabe, yana fara'a.

"Ɗiyata, kin ga mutuniyar taki? Ta tashi!"

"Kawu, me ka yi mata?"

"Bayan tafiyarki na tarar ta yi rawaya kamar mai shawara. Na ce ba dai a gabana ba. Tun kina firamare nake ɗakin nan, kwalba ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba. Sai na ɗan ɗiga mata na mai shuɗin murfin."

Mai shuɗin murfin taki ne. Ta dafe tebur. Ashe ta yi rawaya. Amma ko lafiyayyen zare yakan yi rawaya da farko kafin ya murmure, kuma yanzu ba mai iya faɗin wanne ne.

"So nake ta mutu, Kawu."

Ya ajiye kwandon a hankali. "Wato wanda ake jiran gawarsa na yi wa jinya?"

Ana cikin haka Farfesa ya shigo. Kallo ɗaya ya yi wa kwalbar. "To, magana ta ƙare ke nan."

"Ranka ya daɗe, a duba madubin tukuna."

Ya sunkuya, ya daɗe yana murɗa maɓalli. Ita dai ƙarar firji kawai take ji.

"Wa ya ciyar da ita?"

Kawu ya yi gyaran murya. Farfesa ya dube shi ta saman tabarau, ya girgiza kai.

"Ki sake. Sau ɗaya tak."

Da ya fita, ta tace zaren, ta wanke shi, ta sake wankewa, ta juye a ruwan da ba taki. Kawu na tsaye yana riƙe mata murfi.

"In ta fara rawaya ki faɗa mini," ya ce, "in riƙa bi ta wancan gefen."

Ta mayar da kwalbar ƙarƙashin fitila, ta jawo kujera ta zauna a gabanta. Har yanzu kore ce.