Kwalin Baffa

Hafsah na durƙushe a kan akwatinta tana kokawa da zif, Amira kuwa tana miƙe a gado da waya a hannu, bakin nan ba ya hutawa. Tun da aka haɗa su ɗaki ɗaya a jami'a a birnin Guangzhou na China, Hafsah daga Kano, Amira daga Yamai, ba a taɓa wayewar garin da Amira ba ta tallata wani shirin talabijin ba. Da kallo ake ba da digiri, da tuni ita ke koyar da malamansu.

"Tafiyar nan da nisa, *ma chérie*, na tura miki guda uku a waya," in ji Amira. "Na farko na wata tsohuwa ce mai gano masu kisan kai a ƙauyen masunta. Tana saƙa hula tana yi wa mutum hira, kafin ya ankara ya tona kansa. Na biyu gasar girki ce, miya ta ƙone su yi ta kuka kamar an yi mutuwa, wannan na dariya ne. Amma na ukun za ki fara, wallahi."

"Na mene ne shi?"

"Na gaske ne, ba wasan kwaikwayo ba. Kyamara ke bin 'yan kwastan a filin jirgi, a zazzage jakar mutum a gaban duniya. Kin san abin da kowa ke faɗi idan an kama shi? Wani ne ya ba ni."

Hafsah ta yi dariyar yaƙe. Idonta ya sauka a kan kwalin takalman da ke gefen gado, an naɗe shi da salatif ruwan ƙasa har ba a ganin rubutun jikinsa.

Jiya ta je titin Zhanxi Lu yi wa Alhaji Abdulbaƙi sallama. Aminin mahaifinta ne tun suna samari a Kantin Kwari, yanzu yana dillancin takalma, 'yan China na kiransa *laoban*, wato maigida. Shi ya tarbe ta ranar da ta fara sauka ƙasar nan, a gidansa take cin tuwon Sallah, Baffa take ce masa. Da za ta tafi ya jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur ya ce samfur ne, wani zai karɓa a filin jirgin Kano. Ta sa hannu biyu ta karɓa. Ai matafiyi ba ya ƙin sallahu, kuma wanda aka ba saƙo ba ya leƙa cikinsa. Haka aka raine ta.

Amira ta sauko ta ɗaga kwalin ta girgiza a kusa da kunnenta. Bai yi motsi ba ko kaɗan.

"Wane irin takalmi ne wannan mai nauyi kamar bulo? Kawo almakashi."

"Ke, amana ce fa! Idan na farke salatif ɗin nan, da wane ido zan kalli Baffa? Abba ya ji ai sai ya ci mutuncina."

"To. Amma tsohuwar nan tawa tambaya ɗaya take yi kullum: wa zai iya yin abu da kansa, amma ya sa wani? Mutumin da kayansa ke tashi ta jirgin kaya kowane mako, me ya rasa a wurinki?"

"Ya ce na gaggawa ne."

Amira ta taɓe baki ta ajiye. Da suka rungumi juna a bakin ƙofa Amira ta daɗe ba ta sake ta ba.

Hadari ya haɗu tun kafin tasi ta fita daga titin Huanshi Lu, gari ya yi duhu da rana tsaka. Hafsah ta ɗora kwalin a cinyarta cikin leda, ta kunna shiri na ukun don ta kashe lokaci. Wata dattijuwa aka nuna mai tabarau, sai ka rantse Gwaggonta ce, tana tsaye tana murmushi jami'i na sa safar hannu. Ya fasa gwangwanin madarar da maƙwabcinta ya ba ta ta kai wa jikarsa, sai ga ƙullin ƙwaya a ciki. Murmushin ya ɗauke. Hafsah ta kashe wayar. Tsoro ya kama ta sosai. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama karatun likita, kuma babu baƙon da bai san hukuncin ƙwaya a ƙasar nan ba. Sai kuma kunya ta biyo baya: mutumin da ya riƙe ta kamar 'yarsa take yi wa wannan zato, saboda wani shiri na Amira.

A filin jirgin Baiyun ruwa ya sauko. Mutane sun yi layi a ƙarƙashin rumfa, a bakin ƙofar da ake duba kaya kafin a shiga. Tana tura akwatinta ta hango wani dogo da 'yar jakar goyo a kafaɗa. Jabir ne, babban ɗan Alhaji. Wani sanyi ya ratsa ta, ga ɗan gida.

"Yaya Jabir! Kai ma tafiya?"

Ya juyo, ya dube ta, ya dubi ledar. Bai yi murna ba.

"Eh, Kano. Ba a gaya mini jirginmu ɗaya ba."

Nan tambayar tsohuwar mai saƙa hula ta dawo mata. Ta kalli jakarsa, ko rabi ba ta cika ba.

"Ai shi ke nan, an huta," ta ce, tana miƙa masa ledar. "Saƙon Baffa ne. Kayana sun yi nauyi, riƙe mini."

Jabir ya ja da baya taku ɗaya, ya zura hannayensa biyu a aljihu.

"Ke aka ba ai."

"Ba na babanka ba ne?"

"Na ce ke aka ba, Hafsah."

Ta ciro waya ta kira Alhaji. Ya ɗauka da fara'arsa ta kullum, ana jin ƙarar salatif a bayansa, yara na ɗaure kaya.

"'Yata, an isa lafiya?"

"Lafiya lau, Baffa. Ga Yaya Jabir ashe jirginmu ɗaya. Zan ba shi kwalin."

"Kar ki ba shi!" Muryar ta fito da ƙarfin da ba ta taɓa ji ba. "Kar ki bari ya taɓa shi, kin ji ko?" Sai kuma ya sassauto. "Wato ina nufin, 'yata, ke na ba amana."

Baƙin ciki ya tokare ta fiye da tsoron, don ta so mutumin nan da zuciya ɗaya. Ta katse kiran, ta sunkuya ta ajiye ledar a gaban takalman Jabir a hankali, yadda ake ajiye wa babba abinci.

"Ga amanar gidanku," ta ce, ta ja akwatinta ta shiga layi.

Tana wuce na'urar wayarta ta soma ruri. Abba ne, daga Kano. Har labari ya kai. Ta riƙe wayar a ƙirji ba ta ɗauka ba, ta waiwaya ta cikin gilashi. Jabir na nan inda ta bar shi, feshin ruwa na jiƙa masa wando. Wani mai gadi ya tsaya a gabansa yana nuna ledar da sanda, yana tambayar wa ke da ita, shi kuwa hannayensa har yanzu suna aljihu.