Jan Fenti a Kan Noti

Auta ce ke tura babur ɗin a kan gangaren simintin da ke shiga harabar kamfanin, Baba na biye da ita, hannuwansa a baya kamar wanda ya zo duba gonar da ba tasa ba. Duk lokacin da ta taɓa birki sai gaban babur ɗin ya nutse ya yi ƙwas, mai ya ƙara tsatsowa daga shokozoban hagu, ƙafar nan da ke riƙe tayar gaba tana shanye girgiza, ya bi ƙarfen ya gangara wajen taya. Mai gadi ya nuna musu inda za su kafe shi, sannan ya miƙo wata 'yar takarda mai lamba.

Baba ya dubi takardar ya taɓe baki. Shekara talatin da huɗu yana gyaran babur a rumfarsa ta bakin titi, bai taɓa ba ɗan Adam lamba ba. Mutum ya zo, a gaisa, ya faɗi abin da ke damun abin hawansa. Nan kuwa sai an mayar da kai lamba kafin a dubi fuskarka.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, malamar jinya a wani asibiti da ke can gefen gari. Wata huɗu da suka wuce ta gaji da bin motar haya ta sayi babur sabo fil, a leda, da takardar garanti ta shekara guda. Ran da ta kawo shi gida ta zauna a tsakar gida tana karanta wa iyayenta sharuɗɗan, har ta zo inda aka ce idan wani bakanike na waje ya kwance wani abu, garanti ya tashi. A nan ta sassauta murya, ta roƙi Baba don Allah kada ya taɓa. Ya yi dariya ya ce shi ba ya gyaran kayan wasan yara. Mama ta ce to a rubuta wannan magana a ajiye, don ita ta san mijinta, ko agogon bango bai tsira daga sifanarsa ba.

Ba a yi wata uku ba shokozoban ya fara yoyo. Zuwan Auta na farko kamfanin, suka goge man da tsumma suka ce sabo ne, zai zauna. Zuwa na biyu suka ce injiniya ya tafi taro. Shi kuwa Baba kullum da safe sai ya tsuguna ya shafa ƙarfen da yatsa, ya shinshina, ya yi tsaki. Ya san inda man nan zai nufa. Birki zai nufa.

Saboda haka wata safiya da Auta ta dawo daga aikin kwana ta kwanta, ya tura babur ɗin a hankali zuwa rumfa, ya kwance shokozoban, ƙafar hagu. Man da ke ciki bai kai rabi ba. A jikin fayif ɗin kuma, ƙarfen nan mai sheƙi da ke shiga yana fita, akwai wani siririn karce kamar an ja ƙusa, shi ne ke cinye robar da ke tare man. Daga masana'anta aka turo shi haka. Ya sa sabuwar roba mai kyau, ya cika mai, ya ɗaure. Sai da ya gama ya lura da ɗigon jan fentin da kamfani ke sa wa a kan noti ya tsage. Ya leƙa wurin maƙwabcinsa mai fentin mota, ya lakato ja a tsinken ashana ya ɗiga. Kafin Auta ta farka babur yana inda ta bar shi.

Robar ta yi kwana goma karcen ya sake cinye ta. Jiya da yamma, a mahaɗar asibiti, Auta ta kama birkin gaba ya ƙi, saura kaɗan ta shige ƙarƙashin motar yashi. Shi ya sa yau Baba ya ce zai rako ta, wai don ya ga idon mutanen nan.

Ɗakin jiran yana da sanyin da ke sa gwiwa ciwo. A bango talabijin na nuna wani saurayi yana gudu da irin babur ɗin a kan titin da ba ramin da ya kai tafin hannu. Ta cikin gilashi ana hango wurin gyara, bakanikai biyar cikin fararen riguna, kowa da safar hannu. Baba ya zuba musu ido. Ɗaya ya jona kwamfuta a jikin wani babur yana kallon ta kamar mai jiran ta yi masa magana. Wani ya ɗauki sifana ya ajiye, ya ɗauki wata ya ajiye, bai san lambar notin da ido ba. Baba ya ce, ba tare da ya rage murya sosai ba, mutumin da ke tsoron baƙin mai ya taɓa fatarsa gara ya nemi aikin banki. Wani dattijo da ke gefe ya yi dariya. Auta ta taɓa hannun rigarsa ta ce ya yi haƙuri su samu abin da ya kawo su.

Sai bayan awa biyu aka kira lambarsu. Mai kanta wani matashi ne da ɗaurin wuya, idonsa a kan kwamfuta, bai amsa gaisuwar Baba ba sai da kai. Ya tambayi Auta ko tana ɗora kaya masu nauyi, ta ce jakar aikinta kawai. Ya tambaya ko tana faɗawa rami. Ta ce ya nuna mata titin da ba rami ta riƙa bi. Ya ce, yana murmushi, ai mata da yawa hannunsu ya yi nauyi a kan birkin gaba. Baba ya dubi yatsun yaron, sumul kamar na jariri, ya kawar da kai.

Can injiniya ya fito, mutum mai tumbi, da bajo a ƙirji da biro uku a aljihu. Suka bi shi waje. Rana tsaka ce, amma sai da ya zaro 'yar tocila ya haska shokozoban. Bai taɓa man ba, bai danna kan babur ɗin ya ji nutsewarsa ba, bai ko tambayi abin da ya faru jiya ba. Kai tsaye ya nufi notin sama. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya sa farce ya kankari fentin, ya ɗaga farcen yana kallo.

Ya ce an buɗe wannan.

Auta ta ce ba a buɗe ba. Ya ce fentinsu ja ne mai duhu, wannan kuwa jan motar kashe gobara ne. Ta ce ita ba ta san fenti ba, abin da ta sani babur ɗin nan daga gida sai asibitin da take aikin jinya, kuma makulli a jakarta yake kwana. Masu jira suka fara fitowa daga ɗakin sanyi, kowa na son ya ga yadda za ta kaya, don kowa da irin tasa takardar a aljihu.

"Wallahi ba wanda ya taɓa shi," in ji Auta. "Ga mahaifina nan, bakanike ne tun kafin a haife ni, amma ko shi ban bari ya sa hannu ba."

Injiniya ya dubi Baba tun daga hula har silifas, ya tsaya a kan faratansa da baƙin mai ya zauna a ciki, sannan ya mayar da kai wurin Auta. Ya ce kullum sai ya ji rantsuwa goma a wurin nan kafin ya ci abincin rana. Mutum zai kai babur wurin 'yan bakin titi, waɗanda iyakar karatunsu guduma, su lalata, sannan ya zo nan yana kiran sunan Allah.

"Malama, ke da mutane ke ba amanar lafiyarsu," ya ce, "ƙarya ba ta yi miki kyau ba."

Baba ya dubi 'yarsa. Yarinyar da tun tana ƙarama in ta fasa kofi ita ke zuwa ta kai ƙarar kanta. Ta shiga lalube a jaka, ita ma ba ta san abin da take nema ba. Wata mata a cikin masu kallo ta ce a hankali ai gara ta faɗi gaskiya a wuce wurin.

Zai iya yin shiru. Ya san in Auta ta kafe, ta nemi manaja, ta rubuta takarda, ƙila a gaji da ita a gyara. Ya san kuma kowa a harabar nan zai tafi gida da labarin malamar asibiti mai rantsuwar ƙarya.

"Ni na buɗe," ya ce. "Tana barci. Ba ta sani ba."

Auta ta daina laluben jaka.

Tunda ya fara, sai ya ƙarasa. Ya gaya wa injiniya man da suka zuba bai kai rabi ba, fayif ɗinsu a karce ya fito daga masana'anta, sau biyu yarinyar nan ta zo suka sallame ta da tsumma, jiya kuma saura taku ɗaya a ɗauko ta daga ƙarƙashin mota. Ya ce a ba shi sifana lamba sha huɗu, a gaban kowa, cikin minti biyar zai nuna karcen, in ba a gan shi ba ya rufe rumfarsa har abada. Ya ce su da ke da kwamfuta da safar hannu da tocilar rana ba su ga abin da ya kusa kashe mutum ba, amma sun ga kalar fenti.

Dattijon nan na ɗakin jira ya gyaɗa kai. Wasu suka yi gunaguni. Baba ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Injiniya ya bar shi ya gama tsaf, har da murmushi. Sannan ya juya ya ce wa mai kanta, wanda ya biyo su da fom a hannu, ya rubuta cewa mahaifin mai babur ya amsa da bakinsa, gaban shaidu. Game da karce kuwa, ya ce, wa ya sani ko a rumfar aka yi shi. Ya mayar da tocilarsa aljihu ya koma cikin sanyi. Mai kanta ya karɓi takardar garantin daga hannun Auta, ya ɗora ta a kan sirdin babur ɗin, ya buga mata hatimin sokewa.

A bakin ƙofa Baba ya ci gaba da magana. Ya ce jakuna ne da rigar likita, ya ce da ma takardar ba ta da amfani, ya ce ko sun karɓa wata biyu za su ajiye babur ɗin. Auta na tafiya a gefensa har suka kai inda motocin haya ke tsayawa.

"Da ka gaya mini, Baba, da ban rantse ba," ta ce.

Ta sa masa makullin a hannu, ta ce za ta makara aiki, ta shiga mota. Ba ta leƙo ta taga ba.

Shi ya tura babur ɗin har rumfa, cikin rana, gumi na bin bayansa. Bai ko sha ruwa ba ya kwance ƙafar hagu, ya zaro fayif ɗin ya goge, ya ɗaga shi sama. Ga karcen nan, ƙiri-ƙiri. Ya nuna wa mai fentin mota, ya nuna wa mai faci, ya nuna wa wani da ya tsaya tambayar hanya. Duk suka yarda laifin kamfani ne. Mai faci ya ce ai Baba ya fi injiniyoyinsu goma.

Ya naɗe fayif ɗin a tsohuwar jarida ya shiga kasuwar kayan gyara. Shago bayan shago, mutanen da ya san iyayensu, kowa ya auna ya girgiza kai. Sabon samfuri ne, bai shigo kasuwa ba. Wani ya ce yana da mai kama da shi, in an ɗan goge zai shiga. Da babur ɗin na wani ne, da Baba ya saya ya goge. Ya mayar masa da abinsa. Na ƙarshe ya ce masa kada ya wahalar da ƙafarsa, wuri ɗaya ake samu a duk garin.

Saura rabin awa a tashi ya sake hawa gangaren simintin. Ɗakin jiran ya kusa watsewa. Mai kanta ya ɗago kai wannan karon, ya gane shi, ya gyara ɗaurin wuyansa a hankali. Baba ya warware jaridar ya ajiye ƙarfen a kan kanta, ya ce irinsa yake so, na hagu.

Matashin ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da dogon kwali. Baba ya buɗe ya zaro sabon fayif ɗin, ya kai shi wajen hasken taga, ya bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya juya ya sake bi. Sumul. Ya biya.

Mai kanta ya haɗo masa rasit da wata 'yar takarda mai ƙananan rubutu.

"Wannan ma yana da garanti, Baba, wata shida," ya ce. "In dai a nan aka ɗaura shi."

Baba ya ɗauki kwalin ya sa a hammata. Takardar ya bar masa ita a kan kanta.