Sanyin Motar Mas'ud a Hanyar Tsibiri

Motar ta faɗa wani rami bayan sun wuce Maradun, sai esi, na'urar sanyaya motar, ya sake ɗaukewa. Karo na uku ke nan tun fitowarsu Talata Mafara. Mas'ud ya daki sitiyari da tafin hannu, ya leƙa madubi. Baba Nagode, maƙwabcinsa na shekara goma sha bakwai, yana jingine da kafaɗar matarsa Taibatu, bakinsa a buɗe yana kokawa da numfashi.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da tsohon, likita kuma ya ce a mai da shi gida a yi ta addu'a. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: a kai shi Tsibiri wurin wansa Ayuba, wanda suka shekara tara ba sa ga maciji saboda gonar gado. So yake ya nemi gafara da bakinsa.

Ga shi tsakiyar bazara. Mas'ud ya sauke gilashi, iskar da ta shigo kamar daga bakin murhu, nan take tsohon ya hau shaƙewa.

"Rufe, ɗan nan, rufe!" in ji Taibatu. "Zahin nan shi ka kashe shi."

Ya rufe, ya gangara gindin wata bishiyar bedi ya tsaya. Wallahi ji ya yi kamar ya yi kuka. Sau biyu a watan nan ana ɗura wa esin tsohuwar motar gas, ga abin da ta saka masa da shi.

"Ba gas ba ne," in ji Baba Nagode, ido a rufe. Shekara arba'in ya yi yana gyaran mota, kunnensa bai tsufa ba ko da jiki ya ƙi. "Ku yaran yanzu komi gas. Hwaɗa mani, in ta tsaya ta ka ɗaukewa, ko in ta shiga rami?"

Mas'ud ya ɗan yi tunani. "In ta shiga rami, Baba."

"To waya ce ta yi sako-sako. Kashe injin, kar fanka ta cinye maka yatsa. Ka bi wayar da ta tahi ga kwamfaresa, injin da ka ba da sanyin."

"Baba, mu lallaba hakanan mana. Saura kaɗan."

"Ba ni kaiwa cikin wanga zahi." Ya huta, ya jawo iska da ƙyar. "Matso. In ban kai ba, ka ce ma Ayuba gonar tashi ce, tun asali ma tashi ce. Ni na yi son zuciya. Ya yahe mani."

"Da bakinka za ka hwaɗa mashi, in Allah ya so."

"Tahi ka yi abin da na ce."

Mas'ud malamin makaranta ne, bai san komai a cikin injin ba, amma ya ɗaga bonet ya bi wayar da yatsa har ya iske mahaɗarta tana lilo, bakin ƙarfen ya yi kore da tsatsa. Ya kankare da makulli, ya tura ta ta zauna, ya yage bakin hankicinsa ya ɗaure tamau. Ƙarfe ya ƙona masa hannu bai ma kula ba. Ya buɗe ƙofa ya zura hannu ya tada motar, sai ya ji ƙas, kwamfaresa ya kama.

"Baba, ka ji? Ta kama!"

Taibatu ta riga ta shafe wa tsohon idanu, tana ta salati ƙasa-ƙasa, hawaye na bin haɓarta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mas'ud. Ya daɗe riƙe da ƙofar motar.

"Mu ƙarasa," ta ce. "Can ya nufa."

Har suka shiga Tsibiri esi bai ƙara ɗaukewa ba, duk ramukan hanyar.

Ayuba yana ƙofar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure tun da saƙo ya iso da safe. Tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni. Ya dogaro sanda ya zo, ya lalubi ƙofar baya ya buɗe, ya kamo hannun ƙaninsa.

"Nagode, ka iso? Sannu da hanya." Ya tsaya. Ya kai tafinsa goshinsa. "Jikinshi da sanyi. Sanyin mota ne, ko?"

Mas'ud ya durƙusa a gabansa, ya faɗi saƙon kalma bayan kalma, bai rage ba, bai ƙara ba.

Ayuba bai saki hannun ba. "Na yahe," ya ce. "Tun tuni na yahe, girman kai ya hana ni zuwa. Nagode, kai ma ka yahe mani."

Babu wanda ya tuna ya kashe injin. Maza suka fara fitowa daga masallaci suna tahowa, a ƙarƙashin motar kuwa ruwan esi yana ɗiga a kan busasshiyar ƙasa, ɗis, ɗis.