Ranar da Na Goya Taɓarya

Maigidana mai ɗaukar hoto ne. Duk Daura da Sha'aban mai hoto aka san shi, ni kuwa ban taɓa kiran wannan suna da bakina ba, Malam nake ce masa. Da Allah ya karɓi ransa bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Kyamara ya bari, da gilasai biyu da ake ɗaura mata a baki, masu jawo abin da ke nesa ya zo kusa.

Ni na raɗa musu suna tun yana raye. Ɗaya baƙi ne siriri, ba nauyi, na sa masa Muciya. Ɗayan fari ne, dogo, mai kauri, in ka riƙe shi da hannu ɗaya sai wuyan hannunka ya gaya maka. Shi na sa wa Taɓarya. Malam yakan ce Muciya ta rana ce, da la'asar ta yi sanyi sai idonta ya raunana, hoto ya fito dishi-dishi. Taɓarya kuwa bakinta da faɗi, tana shan haske sosai, ko ana kiran magariba tana ganin fuskar mutum tar.

Da Taɓarya ya fita ranar da abin ya faru. Wani dillalin shanu na Kongolam ya sa shi ya je wata rijiya a daji ya ɗauko masa hoton wasu bijimai, zai tura wa masu saye a Kudu. Shanu da yamma suke zuwa ruwa. Da Malam ya isa sai ya tarar mata suna ɗiba, shi kuwa mutum ne mai kunya, ba ya shiga cikin matan mutane. Ya tsaya daga nesa a gindin gawo, ya kwance buhun da ya naɗe gilashin, ya ɗaura, ya ɗaga ya saita shanu. Dillalin bai gaya wa masu shanun komai ba. A makon kuma ɓarayi sun kore garken wani a kusa da wurin. Mata suka hango mutum a bayan itace da dogon abu a hannu, suka sa ihu. Kafin a gane ko wane ne an riga an yi masa illa da sanduna. Bai kwana biyu a asibiti ba ya cika.

Mai garin wurin ne ya kawo mana kayansa da kansa, yana kuka. Taɓarya ko tsagewa ba ta yi ba.

Bayan na gama takaba, ƙanin Malam, Baffa Hussaini, ya zo don rabon gado. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera kayan. Ya ce kyamara da gilashi ɗaya sun faɗo a rabon Raihana, autata, tunda ita ce ta koyi aikin a hannun ubanta, ita ce take shiga cikin gida wurin mata in ana biki. Ɗayan gilashin za a sayar a raba wa sauran magada.

"To, Raihana, zaɓi naki," in ji shi.

Ban jira ta buɗe baki ba. Na ce, "Muciya za ta ɗauka."

"Inna," ta ce a hankali, "Taɓarya nake so."

Na ce, "Abin da ya ci ubanki?"

"Ba ita ta ci shi ba, Inna. Ki duba aikina. Kamu da yamma ake yi, kai amarya da magariba. Ɗakunan ƙauye ba taga. In na je da Muciya amare duk za su fito kamar aljanu, wa zai sake kirana?"

"Ki ɗauke su da rana."

"Amaryar wa ake fito da ita da rana tsaka?"

Baffa Hussaini ya ɗauki Taɓarya ya jinjina. Ya ce, "Ke 'yar nan, da wannan hannun naki kamar sillen kara? Wannan ai sai ta kayar da ke." Ya ajiye, ya ɗauki Muciya. "Ga wadda za ki wuni da ita ba ki gaji ba. Kuma ki duba fuskar uwarki."

Ba ta dube ni ba. Ƙasa ta duba. Ta ce, "Baffa, nauyi ana sabawa da shi. Duhu ne ba ni da yadda zan yi da shi."

Sai ya ce hakkinta ne, ba mai tilasta mata. Amma zai riƙe Muciya a wurinsa zuwa wani lokaci, ko ta sake shawara.

Ba a daɗe ba aka kira ta biki a wani ƙauye da ke bayan Zango. Tun da ta faɗa min na daina cin abinci sosai. In na rufe ido sai in ga gindin gawon nan da ban taɓa gani ba, sai dai ba Malam ke tsaye ba, ita ce. Na ce ba za ta je ba. Ta ce ta riga ta amsa. Na ce to, ƙafarta ƙafata.

Da safen tafiyar ta sa kyamara a jaka, amma Taɓarya ba ta shiga ba, jakarta ta ɓace tun Malam yana raye. Ta ɗauko tawul za ta naɗe ta riƙe a hannu. Ina ganin dogon abu a naɗe na ce a'a. Haka na ubanta yake, a naɗe.

"Kawo," na ce.

Na naɗe ta da tsohon zane, na ɗora a bayana, na ja zanen goyo na ɗaure, na ƙara da majanyi na ƙulle tam a ƙirji, na zura hijabi a kai. Tunanina shi ne, ba wanda ke tsoron mace mai goyo.

Raihana ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, kin yi min ƙanwa da tsufanki?"

"Yi dariyarki. Mu dai mu je mu dawo lafiya."

A motar haya zuwa Zango a bakin kujera na zauna, ban jingina ba. Wata mata har ta ce min in gyara wa yaron kai kada ya bugu. Na ce to. Daga Zango muka hau babura biyu, ita a gaba ni a baya, muka shiga hanyar rairayi tsakanin gonakin gero. Rana ta take. Gumi ya jiƙa zanen, ƙarfen yana danna min ƙashin baya.

Dab da ƙauyen muka tarar an gitta igiya a hanya. 'Yan sintiri ne a ƙarƙashin wata tsamiya, suna shan shayi. Wasu da gora, biyu da bindigar toka. Babbansu dattijo ne mai furfura a gemu. Wani saurayi mai jar hula ya taso ya buɗe jakar Raihana, ya ga kyamara, ta ce gidan biki za mu. Ya ce ta wuce gefe. Sannan ya zo kaina yana murmushi.

"Iya, sannu da hanya. Har yanzu ana goyo? Jika ne?"

Da na ce gilashin hoto ne, wataƙila da shi ke nan. Amma ina ganin bindigogin nan sai harshena ya yi nasa wuri. Na ce, "Jika ne. Barci yake."

"A wannan zafin kin rufe shi ruf? Ai sai ya dahu." Ya leƙa gefena. Murmushin ya ragu. "Iya, ina ƙafafunsa?"



Ya miƙa gorarsa ya ɗan taɓa bayana. Abin ya yi ƙara, ƙwas, ƙarar da jikin ɗan Adam ba ya yi.

Ya yi tsalle da baya har hularsa ta faɗi. "Ƙarfe ne! Ta ɗaure ƙarfe a jikinta!"

Mai babur ɗina ya sulale ya bar ni da babur, na sauka da kyar ban faɗi ba. Na Raihana ma ya shige cikin gero. Butar shayi ta kife. Kafin in ƙifta ido wurin ya zama fili, ni kaɗai a tsakiyar hanya, bakin bindiga biyu yana kallona daga bayan tsamiya.

"Kada ki motsa!" in ji dattijon. "Ɗaga hannunki sama! In kika kai shi ƙirji, wallahi za a harba!"

Na ɗaga. Ina so in yi bayani, muryata ta ƙi fita, kalmar shahada kawai ke yawo a bakina. A raina na ce to, haka Malam ya ji ke nan.

Sai na ji muryar Raihana daga gefe. "Baba! Uwata ce! Gilashin kyamara ne, wallahi gilashi ne!"

"Ta ce jika ne!" saurayin ya yi ihu daga inda ya laɓe. "Da kunnena na ji!"

"Tsoro ne ya sa ta. Ku bari in kwance ku gani."

"Tsaya inda kike, yarinya!"

"Baba, in abin da kuke tsammani ne, ai da ni zai fara tashi."

Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta buɗe tafukan hannunta, ta fara takowa. A nan muryata ta dawo. Na ce, "Koma! Raihana, don girman Allah ki koma!" Ba ta koma ba. Ƙullin a ƙirjina yake, don haka sai da ta zo gabana ta tsaya, fuskarta a fuskata, bayanta ga bindigogin. Ta bisa kafaɗarta ina hango ɗayan mai bindigar, yaro ne matashi, yatsansa yana kan kunamar. Duk abin da ya fito daga can ita zai fara samu. Ni na kawo ta nan. Ni da na zo tsare ta.

Ta ɗage hijabina a hankali, a gaban mazan nan duka, tana faɗa da ƙarfi, "Ga shi ina ɗaga hijabi. Ga majanyi. Yanzu zan kwance." Ƙullin ya sha gumi ya ƙi. Ta ja da farce, ya ƙi.

"Inna, wane irin ƙulli ne wannan kika yi?" ta ce ƙasa-ƙasa. Leɓenta ya bushe fari fat.

Ta sunkuya ta sa haƙori. Ina jin numfashinta a ƙirjina, da zafi, da sauri. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can ƙullin ya saki, ta zagaya da hannu ta tare abin kafin ya zame. Ta durƙusa ta shimfiɗa shi a rairayi, ta warware zanen, ta cire murfin gaba da na baya, ta ja ni muka matsa.

Dattijon ya fito shi kaɗai. Ya zagaya shi, ya tsuguna, ya ɗauka ya ɗaga sama ya leƙa. Haske ya ratsa ta wancan baki ya sauka a kan idonsa. Ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya yi wa yaransa alama suka sunkuyar da bindigogi.

Sai ya juyo kaina da faɗa. "Baiwar Allah, kin san kin kusa sa mu ɗauki alhakin rai yau? Abin da ba na sata ba, ba na haram ba, me ya kai ki ɓoye shi har da ƙarya?"

Na ce, "A kansa aka kashe mijina. An ga yana riƙe da shi aka zaci bindiga ce."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Ya miƙa wa Raihana gilashin da hannu biyu. "Ke kuma, rataya shi inda kowa zai gani. In za ki shiga gari, ki aika tun kafin ki iso."

Na zauna a ƙasa. Aka kawo min ruwa a moɗa. Masu babura suka fito daga gero suna kaɗe riga, kowa yana cewa shi bai gudu ba, fitsari ya je. Na kama hannun Raihana na ce, "Mu juya. Muciya tana nan wurin Baffanki, ba a sayar ba. Ki je ki musanya."

Ta tsuguna a gabana. Ta ɗauko kyamara ta ɗaura mata Taɓarya, ta juya har ta yi ƙas, ta rataya a wuya.

"Inna, amarya tana jira," ta ce.

Na dube ta, na dubi abin yana lilo a ƙirjinta, fari, a fili. Na naɗe zanen goyon na sa a hammata.

Saurayin mai jar hula ya matso yana kaɗe hularsa. "To Hajiya mai hoto, tunda kun zubar mana da shayi, sai ki ɗauke ni."

"Ku jingine bindigoginku da itace tukuna," in ji ta, "sannan in ɗaga tawa."

Mun isa gidan bikin bayan la'asar. Aka ba ni tabarma cikin dattawan mata, aka ajiye min fura, ban iya sha ba. Idona yana kanta duk inda ta yi. Rana ta yi ƙasa, tsakar gida ta fara duhu, aka fito da amarya a lulluɓe, guɗa ta tashi. Mutane suka cika wurin har samari suna leƙe ta saman danga. Raihana ta hau kan wani benci, ta tallafe Taɓarya da hannun hagu, ta ɗaga ta sama da kawunan jama'a ta saita.

Ban san na miƙe tsaye ba. Ina ta duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wanda zai fara ihu.

Wata tsohuwa ta ja gefen hijabina. "Ke baƙuwa, zauna mana. Kin tare mana amarya."

Na zauna.