Gwiwar Wardoyo da Safiyar Sallah

Mijina Wardoyo rabin magana yake ji. Ana gobe Sallah aka yi masa aiki a gwiwa: 'yan huji biyu, aka zura na'ura mai ido, aka gyara guringuntsin da ya yage. Da aka gama, likita ta ɗura masa maganin kashe zafi a cikin gaɓar.

"Pak, zai kwantar da ciwon zuwa gobe," in ji ta, da kiran girmamawar da ake yi wa magidanci a wajenmu. "Amma ba warkewa ka yi ba. Kada ka durƙusa."

Rabin farko kawai ya kwaso.

Damuwarsa ɗaya ce. Duk Sallah yakan ja gwiwa zuwa gaban mahaifiyarsa, Mbah Sumirah, wato Kaka Sumirah, ya kifa fuska a cinyarta ya nemi gafara, kansa ƙasa da nata. Bana jikinta ya yi sanyi ƙwarai, kowa a gidan yana tsoron ita ce Sallarta ta ƙarshe.

Da safe ina yanka ketupat, shinkafar Sallah da muke dafawa a ƙunshin ganyen kwakwa, ya shigo yana dogara sanda, gwiwa ta kumbura kamar kwakwa.

"Bu," ya ce, yadda ake kiran uwargida a wajenmu, "ko ɗis ba na jin ciwo. Zan durƙusa."

"Allurar mutane ce ke yi maka ƙarya, Pak. In ɗinkin ya ɓalle, wa zai ɗauke ka? Ni?"

"In yi wa uwata magana daga tsaye, kamar mai karɓar kuɗin wuta?"

Tausayinsa ya kama ni.

Ashe Mbah tana ji daga falo. Da muka shiga, ta ƙare wa ƙafar kallo.

"Tun kana yaro kake da taurin kai," ta ce. "Ku kwashe kwanukan nan."

Aka kwashe abinci daga kan teburin falon. Jikokinta biyu suka ɗaga ta, ba ta fi nauyin ƙunshin wanki ba, suka zaunar da ita a bakinsa, ƙafafunta na lilo. Ta sa aka jawo wa ɗanta kujera.

Wardoyo ya zauna, ya miƙe ƙafar, ya sunkuya. Goshinsa ya sauka daidai kan cinyarta. Ya fara neman gafara, kuka ya ci ƙarfinsa.

Ta dafa kansa.

"Na yafe maka, ɗana. Ka adana gwiwar nan. Da ita za ka raka ni makabarta."